Tsagar da ke Fuskar Abdulhamid Soja

Mahfuzu ɗan Bala mutumin Tudun Alfa ne, wani ƙauye da ke bisa dutse a ƙasar Ibohaman. An haife shi a 1963. Ya yi lakkol har aji shida, ya yi shekara goma sha ɗaya yana jera duwatsu da rainon itatuwa a furojen Keita, aikin gyaran ƙasa, sannan ya koma gona. A can ya ɗauko ɗabi'ar da ta bi shi har furfura: duk abin da aka gaya masa sai ya rubuta, da rana da wata da sunan wanda ya faɗa.

Gidansu suna da labarin da suke tinƙaho da shi. Sun ce kakansu na fari, Alfa Hamza, malami ne da ya biyo rundunar Askiya a hanyarta ta zuwa Agadas, shekara ɗari biyar da suka wuce. Raƙuminsa ya durƙusa a kan tudun nan ya ƙi tashi, shi kuwa ya sauka ya sari ƙasa da sungumi ya shuka hatsi. Ƙarfen sungumin yana nan, an sake masa ƙota ba adadi. Duk shekara, in ruwan shuka ya sauka, ba mai zuba iri a ƙauyen sai babban jinin Alfa ya yi saran farko da shi.

Shekara ashirin da shida Mahfuzu yana bin wannan salsala. Ya je Buza, ya je Madawa, ya zauna gaban tsofaffi arba'in da ɗaya, ya cika kaye, wato littafin rubutu, har bakwai. Tsakaninsa da Alfa ya jera kakanni goma sha shida.

A bazarar 2021 Allah ya yi wa Baba Aminu, mai riƙe da sungumin, rasuwa. Dangi suka sa ranar Juma'a don su miƙa shi ga magaji, kuma kowa ya san Mahfuzu ne, domin kakansa Abdulhamid Soja shi ne ɗan fari a gidansu. Mai bi masa shi ne Adamu, jikan ƙanen Soja, mahaucin kasuwa mai yawan barkwanci.

"Yaya, ka bar wahal da biro," in ji Adamu. "Sungumi dai naka ne. Ni ko an ba ni, sai in hwasa ƙashi da shi."

Amma Mahfuzu yana son taron ya yi kyau. Ya ɗauki tsohon katin soja na kakansa ya kai Madawa aka faɗaɗa hoton, fuskar ta fito kamar faifai. Da yake yana garin, ya ce bari ya biya wurin Abdulƙadiri, tsohon wanzamin gidansu, wanda ya koma can wurin ɗansa. Shi kaɗai ya rage bai rubuta bakinsa ba.

Ya same shi da hantsi a zaure. Bayan gaisuwa ya miƙa masa hoton yana murmushi.

"Baba, ga mutuminka. Ka shaida mini tsagar gidanmu in rubuta."

Tsohon ya kai hoton bakin ƙofa wurin haske. Ya daɗe yana dubawa. Ya bi tsaga uku-uku na gefen ido da farce, sannan ya sauko kan wasu gajeru biyu a gefen baki.

"Waɗanga biyu, mi anka ce maka?"

"Na magani ne. Ya yi ciwo yana yaro."

"Taɓa naka na gehen ido."

Mahfuzu ya taɓa.

"Ka ji hwaɗinsu? Ran suna na yi maka su da hannuna. Tsagar jariri tare da huska take girma, sai ta buɗe. Dubi nashi, sirara awa zare. Yanzu dubi na bakin, yadda sunka buɗe. Waɗanne anka riga yi?"

Mahfuzu ya duba. Biron ya faɗi daga hannunsa bai sani ba.

"Ubana ya yi mashi ukun nan yana ɗan shekara huɗu," in ji tsohon. "Shekarar yunwar Kakalaba. Mutanen gabas sunka biyo suna gudun yunwa, da sahe anka iske yaro bakin rijiya shi ɗai. Matar mai sungumi ɗiyanta ukku sun mutu, ta ce nata ne. Daga baya ta haihi kakan Adamu. Ban so hwaɗi ba, ɗana, amma kai ka kawo mini huskar."

Mahfuzu ya tashi bai yi sallama ba. Sai da ya kai tasha ya lura takalmi ƙafa ɗaya ne a ƙafarsa.

Bai taɓa yarda da shaidar mutum ɗaya ba, don haka yana isa gida ya wuce ɗakin Goggo Husaina, ƙanwar ubansa, 'yar Soja ta ƙarshe da ta rage. Tana ɓarar gujiya. Ya ajiye hoton a gabanta ya nuna gefen bakin.

Ba ta ko tsayar da hannunta ba. "Wanzami ya yi surutu ke nan."

"Goggo! Kin sani?"

"Wace mace ta gidan nan ba ta sani ba? A bakin turmi munka ji."

"Sau tara na zauna gabanki da kaye!"

"Ka tambaye ni wa ya haihi wa? Kai dai sunaye kake so a jera maka, muna jera maka. Tashi ka wanke huska. Shekara ɗari ba wanda ya mutu da wannan magana, Juma'a ka amshi abinka."

Kwana uku bai ci abin kirki ba. Matarsa Zuhura ta ɗauka zazzaɓi ne.

Ranar Juma'a bayan masallaci, maza sittin da wani abu suka taru a gindin gawo. Liman ya kwance sungumin daga farin ƙyalle ya miƙo. Mahfuzu bai miƙa hannu ba. Ya buɗe kaye na bakwai ya karanta shafin ƙarshe, inda ya rubuta maganar wanzami da ta Goggo, da ranar da sunayen shaidun biyu.

Adamu ya fashe da dariya. Ya duba hagu da dama, ya ga shi kaɗai yake yi, dariyar ta tsinke.

"Inna lillahi," in ji liman. Wani dattijo ya ce a rufe takardar, a ɗauka ba wanda ya ji kome. Nazir, babban ɗan Mahfuzu, ya miƙe tsaye yana kallon ubansa kamar bai taɓa ganinsa ba, ya fice daga taron.

"Yaya, don Allah ka amsa," in ji Adamu, idonsa ya kawo ruwa. "Tare munka tashi. Ni mi na sani ga sungumi?"

"An ce jinin Alfa," in ji Mahfuzu. "Ni na rubuta haka da hannuna, daga bakin mutum arba'in da ɗaya. In na sara, shukar gari duka bisa ƙarya za ta tsaya."

Ya karɓi sungumin daga hannun liman ya ɗora a cinyar Adamu.

Ruwan shuka ya sauka ranar sha huɗu ga Yuni. Da gari ya waye Mahfuzu yana tsaye a bakin gonarsa da ƙwaryar iri, shi da Zuhura, ba Nazir. Suka yi ta jira har aka yi kira daga tudu cewa Adamu ya sara. Sannan ya sunkuya ya fara shuka.