Fuska Shida a Takarda Ɗaya

Hoton maigidana guda ɗaya ne ya rage mini, wanda ya ɗauka cikin kakin soja kafin tafiyarsa ta ƙarshe. Damshin damina ya ci shi har fuskar ta koɗe. Da aka sa ranar addu'ar cikarsa shekara ashirin da rasuwa a cocinmu, sai autata ta ce in kawo ta gyara, a buga babba a ajiye gaban jama'a. Tana da shagon hoto nan Zuru, bayan tasha. Tana goye a bayana aka kawo gawarsa, don haka ba ta san shi ba sai a wannan takarda.

Kwana biyu tana kansa. Da ta kira ni na zauna gaban kwamfuta, ga shi nan yana dubana, goshi na sheƙi kamar yanzu ya dawo daga gona. Ta tura wa yayanta a waya, ya ce a tasa Baba ya yi ja kamar an shafa masa manja. Matarsa kuma ta ce a tata ya yi duhu.

Sai aka buga. Injin yana turo takarda a hankali, hula ta fara fitowa, sannan goshi. Toka-toka ne, da wani kore-kore a gefen baki. Na san wannan launi. Shi na gani a fuskarsa ranar da aka buɗe mini akwatin gawarsa.

Ta ga na dafa bango, ta ce kada in damu. Allon kwamfuta daga ciki yake ba da haske, takarda kuwa ba ta da hasken kanta, tawada kawai take sha. Sai an rage hasken allon, an kuma gaya wa injin irin takardar da aka sa masa. Na gane bayaninta, ai ajin yaƙi da jahilci bai bar ni haka ba. Amma cikin launukan duniya duka, me ya sa tawadar ta zaɓi wannan?

Ta buga ƙananan fuskoki shida a jere a takarda ɗaya, daga mai tokar har zuwa mai ja, ta ce mu fita waje, fitilar shago tana ruɗin ido. Muka tsaya a rana, masu babura suna wucewa.

"Mama, wanne ne Baba?"

Na duba, na sake dubawa. Shekara bakwai mutumin nan yana noman golmo, wato noman neman aure, a gonar babana kafin a ba shi ni, ina leƙensa ta katangar kara. Ina tuna tarinsa, da yadda yake saɓa fartanya. Amma launin fatarsa lokacin da yake da rai ya ɓace mini. Maza shida suna kallona da ido iri ɗaya, kuma na farkon kaɗai zan iya rantsewa a kansa.

Ta sunkuyo ta ga abin da ya tsayar da ni, kumatunta ya zo dab da takardar. Gwaggonninta sun sha faɗa cewa fatar ubanta ta ɗauko. Na ce ta tsaya haka, kada ta motsa. Na kara takardar a kumatunta, ina jan ta a hankali, fuska bayan fuska, har na zo ta huɗu. Nan ban ga inda takarda ta ƙare fata ta fara ba.

"Wannan," na ce.

Ranar addu'a tsofaffin abokan aikinsa suka tsaya gaban hoton, suka ce shi ne sak. Ni kuwa ɗiyata nake gani cikin hular soja.

Takardar gwajin na zo da ita gida. Na yanke biyar na ba jikoki. Ta farkon tana cikin Littafi Mai Tsarki, a kife, kuma ban cika buɗa wajen ba.