Sunan da Inna ba ta taɓa kira ba

Gaisuwa gare ka Edita, da masu karatu. A shekarar da China ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik, ni saurayi ne mai ji da kansa a Guangzhou, ina haya a wani ɗan ɗaki a unguwar Sanyuanli. Aikina raka 'yan kasuwar Kano da Nijar zuwa garin Xintang sarin wandunan jins, in yi musu ciniki da guntun Sinancina, in tura musu kaya gida. Na fara tsayawa da ƙafata, kuma wallahi kaina ya yi girma.

Ni ɗan riƙo ne. Iyayena sun rasu ina ƙarami, aminiyar mahaifiyata ta ɗauke ni tun ba ta fara haihuwa ba. Inna nake ce mata. Ci, sutura, makaranta, ba ta rage ni da komai ba, mijinta ne ma ya haɗa ni da wanda ya kawo ni China. Amma abu ɗaya ya tsaya min a rai: Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce a kira mata wancan. Ba ta zama hira da ni, ba ta yabona a gaban mutane. Da ta haifi nata kuwa, sunan babbansu ba ya barin bakinta, har tsokanarsa take yi. Sai na ƙudurta a raina cewa ni bare ne, riƙona kawai ake don Allah.

Ana gab da gasar biza ta yi wuya, wanda duk ya fita ba shi da tabbacin dawowa, ni kuma ga kwastomomi sun fara kama ni. A lokacin ne ƙanena, babban ɗan nata, ya bugo ya ce jikin Inna ya yi tsanani, in taho. Kun san abin da na tambaye shi? Wai ko ta ambaci sunana. Ya ce ita dai kullum tambayarta ko mutanen China sun bugo. Na ce to mutanen China suna gaishe ta, in an gama wasanni zan zo. Har na ƙara da cewa ai ga 'ya'yanta nan a gabanta. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji na tsani kaina.

Wata Juma'a ina cin abinci a titin Huanshi Lu da wani dattijon kwastomana ɗan Maradi, na kwashe labarin na ba shi, ina jiran ya tausaya min. Ya tambaye ni ko tana kiran sunan ɗanta na fari, na ce safe da yamma ma. Alhaji ya ajiye cokali ya kalle ni, ya ce amma ni sakarai ne na gaske. Ya ce a ina na taɓa ganin uwa tana kiran sunan ɗan fari? Kunyar da ya kamata ta yi wa wanda ta haifa, ni ta yi wa. Na san al'adar sarai, amma ban taɓa kawo wa raina za a yi wa ɗan riƙo ita ba.

Na bar kwastomomi da biza na nemi tikiti, amma kafin in sauka Kano an kai ta makwancinta. A zaman makoki yayar Inna ta gaya min cewa lokacin haihuwar ƙanena mata sun yi ta yi mata tsiya don tana kiran sunan jariri ba kunya, ta ce musu ita ta riga ta yi ɗan fari, ba a yi sau biyu. Na tambayi ƙanena ko ya isar mata da maganata. Ya ce gaisuwar kaɗai ya faɗa, ta kuma yi ta sa wa mutanen China albarka.

'Yan'uwana da aka riƙa, kada ku auna ƙauna da abin da baki ya furta, ku dubi wanda ya yi ɗawainiyarku. In aka ce jikinsu ba daɗi, ku bar komai ku tafi, biza ana sake samu. Ni yanzu ina da ɗan fari, uwarsa ba ta kiran sunansa. Duk sanda ta ce a kira mata wancan, sai in tashi in fita waje, don kada yara su ga hawayena.