Takalmin Suruki a Ƙofar Ruwais

Rafi'u direba ne. Iyayensa Hausawan Sudan ne, shi kuma ya zo Jidda yana saurayi, ya yi aure, ya kama ɗakin da ke saman nawa a Madain Fahd. A makarantar mishan da na yi a Zariya an koya mana mu dubi wuyan rigar mutum da farcensa kafin mu saurari bakinsa. Shekara da shekaru ban ga aibu ko ɗaya a wuyan rigar Rafi'u ba.

Aikin da ya samu a unguwar Abhur ne ya ɓata shi. Yana tuƙa iyalin wani attajiri, kuma in sun shiga hutawa a bakin teku, direbobi da masu gadi sukan zauna bayan gareji ana zagayawa da sadiƙi, giyar nan da ake dafawa a ɓoye, cikin gorar ruwa. Tun yana kurɓa har ya zama sai ya sha hannunsa ke daina rawa.

Matarsa Bashira ta yi haƙuri har ya ƙare. Ta tagata na ji ta.

"Wallahi Rafi'u, in na sake jin warin nan, Abuya zan faɗa wa. Halas!"

Abuya ɗin shi ne mahaifinta, Malam Abdallah mai turare, dattijon da ake sakawa gaba ya ja salla in liman bai zo ba. Ran da ya ji, ran nan zai kwashe 'yarsa da jikokinsa biyu. Rafi'u ya san haka.

A garin da warin baki kaɗai kan raba mutum da iƙamarsa, wato takardar zama a ƙasar, ba a tambayar irin wannan taimako da ƙarfi. Wani ma'aikacin asibiti da ya ga rawar hannunsa ne ya raɗa masa lambar waya. Wanda ya ɗauka ya ce akwai masu irin matsalarsa da ke haɗuwa suna ƙarfafa juna: Talata bayan la'asar, a Ruwais, bene mai koriyar ƙofa kusa da mai gasa burodi. Ba a tambayar dangi, ba a tambayar kafili, ubangidan da ke ɗauke da takardun zamanka.

"Baba Usman, ka raka ni," in ji shi. "In tarko ne, a samu mai kai wa Bashira labari."

Muka hau benen, yana tsayawa kowane hawa yana saurare. A bakin ƙofa takalma ne birjik, kamar ƙofar masallaci. Rafi'u ya sunkuya zai cire nasa, sai ya sandare. A gefe akwai markub, takalmin fata irin na mutanen Sudan, dunduniyar hagu da facin jar fata. Shi da kansa ya kai shi gyara da azumin bara.

"Na surukina ne," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Ta faɗa masa. Jira na yake."

Ya juya zai sauka, ƙofa ta buɗe. Wani Bamisire mai tumbi, riƙe da butar shayi, ya kama hannunsa.

"Sabo ne? Yalla, shiga. Duk da gudu muka fara zuwa."

Ni na zauna a matakala ina jira. Abin da ya faru ciki, Rafi'u ne ya ba ni daga baya, ya kuma yarda in rubuta.

Kujeru ne a zagaye, kuma ga Malam Abdallah a kan ɗaya. Rafi'u bai san lokacin da ya durƙusa a bakin ƙofa ba. Aka yi ta nuna masa kujera, wani ya ce ba ta cizo, ya ƙi tashi. Dattijon bai dube shi ba. Da layi ya zo kansa, ya ce, "Sunana Abdallah. Rabona da giya tun kafin in aurar da 'yata ta fari. Yau ma ina bukatar ɗakin nan."

Sai aka juyo kan Rafi'u. Mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gaban surukinsa ba. Ya fara laluben ƙofa da ido.

Malam Abdallah ya miƙe, ya ɗaga kujerarsa, ya juya ta ta fuskanci bango, ya zauna ya ba su baya. Ya ce da Larabci, "A wajenmu mutum ba ya magana a gaban surukinsa. To, yanzu ba a gabana yake ba. Ku bar shi ya faɗa."

Rafi'u ya faɗa, daga tsugune, yana kallon tabarma.

Dattijon ne ya fara fitowa. Ya gan ni, ya gaishe ni kamar mun haɗu a kasuwa, ya zura markub ɗinsa.

"Malam Usman, ka gaya wa maƙwabcinka Talata tasa ce, ni na koma taron Asabar. Ran da ya fasa zuwa zan sani, sannan zan saurari abin da 'yata za ta ce."

Bashira tana nan a saman ɗakina, ina jin ta tana korar 'ya'yanta Bilal da Ruba su tafi makaranta. Kowace Talata kuma nakan tsaya a taga bayan la'asar, ba na zama sai na ga motar Rafi'u ta karya kwana ta nufi Ruwais.