Matar da Ke Auna Numfashin Ƙwaro

Daga saman tsani kafintan da ya zo gyaran silin yake kallonta. Dattijuwa ce siririya, farar rigar aiki ta yi mata yawa, tabarau ya zamo har kan hanci. A gabanta akwai 'yar kwalba da siririn tiyo ya haɗa da na'ura. A ciki baƙin ƙwaro ne mai sheƙi, irin wanda ke fitowa a guje in an ɗaga dutse.

Ta lulluɓe kwalbar da ƙyalle, ta ɗago kai.

"Malam, don Allah ɗan dakata da gudumar nan. Iskar da yake shaƙa nake aunawa, kuma sai ya natsu. In ya firgita, numfashinsa ya ƙaru, aikin yau ya tashi a banza."

"Hajiya, ƙwaro ma har da hawan jini?"

Murmushi kawai ta yi. Ta sunkuya, ta karkata kai, idonta a kan layin da ke hawa da sauka a fuskar na'urar. Ita kanta da kyar take numfashi.

Dariyar ta maƙale masa. Ya san wannan tsayuwar. Haka matarsa take sunkuyawa a kan autarsu duk ranar da asma ta tashi. Ba a makaranta ake koyon wannan ba. Baiwar Allahn nan ta taɓa gadin ƙirjin wani.

Ko ya rayu? Bai tambaya ba. Ya ajiye gudumar a hankali, kamar ƙwai.