Tururuwan Gindin Randa

Aikina wuyar bayani gare shi. Fiziks na karanta, amma lissafin da ake yi wa gudun ruwa a bututu shi nake ɗora wa halittu masu tafiya a ayari. Da na zo hutun damina gidanmu a unguwar Shamaki, sai ga layin tururuwa tun daga gindin randa har bakin rariya. Kai, na yi murna! Irinsu nake nema in ɗauki bidiyon tafiyarsu, ga hutun ya kusa ƙarewa. Na kafa wayata a kan turmi, na barbaɗa sukari, na shiga wanka.

Ina fitowa na tarar Inna, mahaifiyata, ta share wurin tas, ta bi shi da toka.

"Inna! Aikina ne fa kika share!"

"Aikin me? Ke da hankalinki ki ba ƙwari sukari, a tsadar nan?"

Raina ya ɓaci sosai. Ni da ake kira Dakta a jami'a, ranar ko tuwo ban ci ba. Da la'asar na lallaɓa, na nuna mata ɗan abin da wayar ta kama. Na ce ta duba, masu tafiya da masu dawowa ba sa cunkushewa, alhali babu mai ba su hannu. Ta daɗe tana kallo.

"To su 'yan Keke Napep na Tudun Wada me ya hana su koya?"

Ta yarda ta bar mini gefen randar, amma kada in kuskura in bari baƙi su gani. Inna mace ce da duk unguwa ta san tsabtarta, ba ƙaramin abu ta ba ni ba.

Washegari tururuwan suka dawo. Ina tsugune ina gyara waya sai ga maƙwabciyarmu, malamar firamare 'yar Kaltungo, ta shigo aron rariyar tankaɗe. Tana hango layin ta yi ihu.

"Hajiya, a gidanki? Bari in ɗauko kalanzir!"

Na ce a raina shi ke nan, kunya za ta sa Inna ta sallami tururuwan.

Inna ta taso daga bakin murhu da muciya a hannu, ta tare hanya.

"A'a, Malama, bi ta can. Aikin 'yata ne. Ni ma na ƙara musu sukari da safe."