Muryar Da Na Kasa Janyewa

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni mace ce da ake ganin girmanta a unguwarmu ta Morris Heights da ke Bronx, a nan ƙasar Turawa. Mijina ya rasu tun ɗanmu yana firamare, na ci gaba da aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Da sassafe nake fita in kama jirgin ƙasa mai lamba huɗu, in dawo da yamma in ɗora tukunya. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina da baki. In ana suna ko walima ni ake miƙa wa makirfo, in mata sun yi rigima ni ake kira. Ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Ɗa ɗaya Allah Ya ba ni. A nan aka haife shi, kuma kamar yawancin yaran nan, in na yi masa Hausa da Turanci yake amsawa. A raina na ɗauka Hausarsa ba ta wuce zo ka ci abinci da tashi ka yi salla ba. Shi ya sa kowace irin hira nake yi a gabansa, kamar ina gaban kujera. Yaro ne mai shiru, mai ciwon asma tun yana ƙarami. Lokacin da abin ya faru ya gama makaranta, yana aiki a wani kantin magani.

Muna da guruf a waya, mu matan unguwa, 'yan Kano da 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi. Wata aminiyata da ke hawan benen da ke ƙasa da nawa ita ke riƙe da shi. Don sanarwar rasuwa da haihuwa aka buɗe shi, amma a hankali ya koma wurin karatun littattafan da ake sakowa kashi-kashi. Wata rana aka fara turo wani labari na saurayi ɗan gidan mutunci da ke soyayya da namiji ɗan'uwansa, iyayensa ba su sani ba. Ni dai ƙyama na ji, ba zan ɓoye ba. Amma ban daina karantawa ba, kuma babu wadda ta daina. Kowace safiya sai ka ga an cika guruf da tsinuwa da neman tsari, can ƙasa kuma waɗanda suka yi tsinuwar su ne ke tambaya ko kashi na gaba bai fito ba. Aminiyata takan ce ita don ta san sharrin zamani take karantawa, wata kuma ta zolaye ta cewa ai ko wa'azi ba ta bi da irin wannan himma. Sai a yi ta dariya.

Marubuciyar tana da wata al'ada: ba ta sako ci gaba sai masu karatu sun yi sharhi. Da aka zo inda uwar saurayin ta gane halin da ɗanta yake ciki, sai ta tsaya, ta ce iyaye mata su faɗi abin da za su yi da a ce su ne. Ni ba na iya rubutu da sauri a waya, saƙon murya nake yi. Ina tsaye a kicin ina tuƙa tuwo, ɗana yana zaune a tebur yana jiran abinci, na danna na fara magana. Na ce da in ga ɗan da na haifa a wannan hali, gara a shigo min da gawarsa, in yi kukan kwana uku in huta. Na ce irin wannan ɗa ba a yi masa addu'ar shiriya, ta gajeren kwana ake yi masa. Na ƙawata maganar yadda na saba ƙawata magana a taro, har da dariya a ƙarshe, saboda na san za a yaba.

Da na ajiye wayar, sai na ji ɗana ya kira ni Umma. Da Hausa ya yi maganar, kalma ɗaya bayan ɗaya kamar mai taka ƙanƙara. Ya tambaye ni, in da shi ne, haka zan ce? Na daɗe ban ji ya haɗa jimla guda da harshenmu ba. Maimakon in tsaya in dubi fuskarsa, sai abin ya ba ni dariya, na ce ashe Baturen gidan nan yana jin Hausa. Na ce masa har shi, wallahi har shi, sannan na zuba masa miyar kuka na tura masa kwano. Ya cinye, ya wanke kwanon, ya yi min godiya, ya shiga ɗakinsa.

Saƙon nan ya yi farin jini. Aka fitar da shi daga guruf ɗinmu zuwa wasu, har wata 'yar'uwata da ke can gida ƙasarmu ta turo min shi ba ta san muryata ba ce. Mata suka riƙa tare ni a bakin masallaci suna cewa Hajiya kin gama magana. In sun zo gidana sai a kunna shi a falo a sake dariya, ɗana yana ɗaki, bango ɗaya tsakaninmu. Bayan 'yan watanni ya ce ya samu canjin wurin aiki zuwa Staten Island, can tsallaken ruwa, zai kama ɗaki a can saboda bas da jirgin ruwa kullum suna tayar masa da ciwo. Na yarda. Na haɗa masa yaji da kuka da man shanu a kula, na ce ya dawo min da kulata. Daga nan kiran waya ya ragu. In na kira ya gaishe ni da ladabi, ya ce yana wurin aiki.

Aminiyata ce ta hau sama wata rana ta zauna a bakin gadona, ta ce akwai maganar da ta rasa yadda za ta faɗa min, alhali fuskarta ta nuna ta ƙosa ta faɗa. Ta ce wani direban tasi, mijin ƙawarta, yana ganin ɗana a unguwar Park Hill da ke can Staten Island, shi da wani saurayi gida ɗaya suke zaune, kuma zaman ba na abokai ba ne. A take tambayar nan ta kicin ta dawo min. Na gane abin da ya tambaya, na kuma gane amsar da na ba shi. Ban yi barcin kirki ba tun daga ranar. Na ji fushi, na ji kunya, na ji ƙyama, amma in na faɗi gaskiya, abin da ya fi damuna shi ne me matan guruf za su ce game da mai saƙon murya. Na daina kiransa.

Ana saura 'yan kwanaki babbar salla ya turo min saƙon murya. Da Hausa ya yi shi daga farko har ƙarshe, ana jin ya sha maimaitawa kafin ya ɗauka. Ya ce ya san na ji labari. Ya ce bai zo ya yi min gardama a kan addini ba, shi ma yana salla, yana kuka a cikinta. Abu ɗaya yake roƙo: in bar shi ya zo ya gaishe ni ranar salla, shi kaɗai, kuma in ce masa na janye waccan maganar, domin tana hana shi numfashi fiye da ciwonsa. Na saurara har na haddace. Na sha ɗora yatsa a kan wayar zan amsa, sai in tuna gidana zai cika da mata ranar salla, in ce bari a wuce hidima tukuna. Salla ta wuce. Na ce bari zuciyata ta ƙara sanyi. Ban taɓa nufin in ƙi amsawa har abada ba, Allah Ya sani. Na ɗauka akwai lokaci.

Da sanyi ya shigo, ina gidan wata tsohuwa da nake kula da ita aka kira ni daga asibiti. Ciwon ya tashi masa a kan hanya, kafin a kai shi ya cika. Ba zan tsawaita a nan ba.

Abin da ya faru a zaman makoki shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Falona ya cika da matan da suka yi ta yabon muryata. Ina zaune da carbi, ina jin raɗa tana zagayawa: bakin uwa ne, bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa. Wata ta matso ta riƙe hannuna ta ce in gode wa Allah, Ya rufa min asiri. Na shiga banɗaki, sai na ji ta bayan ƙofa wasu biyu sun rage sauti suna kunna saƙon nan nawa, wai ɗaya ba ta taɓa ji ba. Ɗana bai kwana biyu a kabari ba. A ranar kuma an sako sabon kashi na labarin, na ga kawuna sun sunkuya kan wayoyi a ƙarƙashin mayafi. Ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda na ji ƙyamar wannan falo ba, kuma ni ce na fi kowa ƙazanta a cikinsa, domin su da ɗan wata suke nishaɗi, ni da nawa na yi.

Saurayin da suke zaune tare ya zo a rana ta uku. Bai shigo ba, a matakala ya tsaya. Na fita na same shi, mata suna leƙe. Ban iya kallon idonsa ba, shi ma bai iya kallon nawa ba. Ya miƙo min jakar kayan ɗana, da kulata a wanke. Da Turanci ya ce min ɗana ya ƙi bari a yi amfani da ita, yana cewa da hannunsa zai mayar wa mahaifiyarsa ranar da ta kira shi. Na karɓa. Ban ce ya shigo ba, ban kuma kore shi ba. Na ce ya gaida gida.

Ni ba malama ba ce, kuma ban rubuto don in sauya wa kowa abin da addini ya ce ba. Abin da na yi imani da shi yana nan. Ajali kuma na Allah ne, malamai sun faɗa min, na yarda. Amma babu malamin da ya taɓa koya min in roƙa wa ɗana mutuwa, ni na ƙirƙiro abina don a tafa min. Hisabin ɗana yana wurin Ubangijin da ya fi ni tausayinsa. Abin da ke wuyana shi ne yaro ya roƙi uwarsa kalma ɗaya, ta hana shi saboda kunyar maƙwabta.

'Yan'uwana mata, musamman mu da ke renon yara a ƙasar nan, yaron da ke amsa miki da Turanci yana jin duk abin da kike faɗa. In labari ya ba ki ƙyama, ki rufe shi ki fita, ya fi miki tsinuwa da safe da neman ci gaba da yamma. In an ce ki faɗi abin da za ki yi da a ce ɗanki ne, ki yi shiru, domin ba ki san wanda ke zaune a teburinki ba. In kuma ɗanki ya nemi ki janye wata magana, ki janye a ranar, sauran gyara ya biyo baya yana raye.

Na fita daga guruf ɗin, na goge saƙon nan nawa daga wayata, amma bai gogu a duniya ba. Kwanakin baya ina cikin bas zan je aiki, wata mata da ban sani ba ta kunna shi a kujerar bayana. Na ji kaina ina cewa gara a shigo min da gawarsa, na ji wannan dariya tawa a ƙarshe. Matar ta ce wa ta kusa da ita wannan uwa ta san abin da take yi. Ban juya ba. Na sauka a tasha ta gaba, na ƙarasa da ƙafa.