Ranar da Uwar Garke Ta Ƙi Mai Ita

A shekarun da farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi, kuɗi suka riƙa gangarowa har suka iso mu a Wudil, ina aiki a ɗakin kwamfuta na wata kwaleji. Kusan kowane wata sai mota ta sauke kwalaye. An saya wa ɗakin karatu babbar na'urarsa, asibitin makaranta tasa, ofishin jarrabawa tasa, kowace da nata sunayen da nata kalmomin sirri. Malami ɗaya sai ya riƙe kalmomi barkatai, ya manta, ya zo ya tsaya a kanmu yana faɗa. Wanda ya bar aiki tun bara kuwa, sai ka tarar da sunansa daram a wata na'urar da aka manta da ita.

Shugaban ɗakinmu mutumin Indabo ne, dogo, marar yawan magana, ya girme ni nesa ba kusa ba. Oga muke ce masa, ni kuma ƙanena yake ce min. Shi ya ce wannan wahala ta isa haka. Ya ware na'ura guda, ya ce a cikinta kaɗai sunan kowa da kalmar sirrinsa za su zauna. Sauran na'urorin kuwa tambaya ya koya musu. In mutum ya buga sunansa a asibiti ko a ɗakin karatu, ta can ba ta yanke hukunci, sai ta aika wa wannan: kin san wane? In ta ce ta sani, a buɗe masa. In ta ce ba ta sani ba, ko'ina ya je a rufe zai tarar. Uwar garke ya raɗa mata, don a cewarsa ko a kara, kasuwar shanu, in ta gaba ta tsaya duk shanun tsayawa suke. Ya kuma ɗora mata doka: duk wanda ya daɗe bai shiga ba, ta rufe shi da kanta.

Damina guda muka kwashe a kan aikin, muna jan waya cikin taɓo daga gini zuwa gini. Da azahar yakan aika a sayo soyayyen kifi daga bakin gada, mu baje a kan jarida, yana ci da hannu ɗaya yana buga kwamfuta da ɗayan. Da aka gama, mutane suka huta, kalma ɗaya ta ishe ka ko'ina. Ba wanda ya zo ya yi masa godiya, shi ma bai jira ba.

Ciwon Oga daga ƙafa ya fara. Ya daina sa takalmi sau-ciki ya koma silifa, daga baya silifan ma ya matse shi. Likitoci suka ce ƙoda ce. Ya koma zirga-zirgar Kano ana masa wankin ƙoda, har ya daina zuwa aiki gaba ɗaya. Yana can a kwance hukumar makaranta ta ba wani kamfani na Abuja kwangilar kula da na'urorin. Suka zo da kwat da wando, suka karɓi babbar kalmar sirrin da ake buɗe kowa da ita, suka sauya ta, suka sa wa ɗakin uwar garke kwaɗo, suka bar min lambar waya. Aikina ya koma sauya tawadar firinta da duba man janareta.

Wata Juma'a da hantsi, hanya ta cushe da manyan motocin shanu, sai ga shi ƙanen matarsa ya kawo shi. Da ƙyar na gane shi. Ya yi baƙi, hularsa ta yi masa yawa.

"Oga, sannu da zuwa. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, ƙanena. Yaya aiki? Yaya mutanen gida?"

Muka gaisa sosai kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce tun kafin ya kwanta ya fara magana da wani asibiti a Masar kan dashen ƙoda, da adireshin imel ɗinsa na aiki. An ce masa sun turo amsa da takardun da zai nemi biza da su. Su yake so a buga masa.

Na ba shi kujerarsa ta dā. Ya buga sunansa, ya buga kalmarsa. Na'ura ta ƙi. Ya goge tabarau, ya sake a hankali, harafi bayan harafi. Ta ƙi. Ya dafa kafaɗata muka taka zuwa ɗakin karatu, ya gwada a can, amsar ɗaya ce. Sai ya tsaya yana kallon allon, ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Ita ce ta ce ba ta san ni ba," in ji shi. "To ai tana aikinta. Buɗe min, ƙanena."

Na sunkuyar da kai. "Oga, ba ni da iko yanzu. Sun karɓe."

"Su wa?"

Na faɗa masa komai. Na kira lambar kamfanin, na saki muryar yana ji. Wata mata ta amsa da Turanci, cikin ladabi, ta ce sai shugaban ma'aikatan kwalejinmu ya nema a rubuce. Na ce mutumin da ya gina abin ne zaune a gabana, kuma ba shi da lafiya. Ta ce ta tausaya, amma ba ta da hanyar tabbatar da cewa shi ne. Shugaban ma'aikatan kuwa ya tafi taron bita, ba a san ranar dawowarsa ba.

"Ƙyale ta," in ji Oga. "Gaskiyarta. Da ni ne ma haka zan ce."

Ya ce in kai shi ya ga ɗakin. Muka tsaya a bakin ƙofar gilashi mai kwaɗo, ya kara hannu a goshi yana leƙen 'yan fitilun nan masu ƙyafta ido. Ya daɗe a tsaye, har na ji nauyinsa na ƙaruwa a kafaɗata. Da na raka shi mota ya ce, "Ka riƙa tuna musu sanyin ɗakin nan. Ba ta son zafi." Suka tafi don su samu masallaci a gida.

Na bi maganar daga ofis zuwa ofis. Kowa ya ji sai ya ce Allah sarki, ya tura ni gaba. Iyalinsa suka rubuta wa asibitin Masar ɗin da wani adireshin, aka ce su faro daga tushe. Ban ce wannan ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Ana tsakiyar yankan gero muka kai shi makwancinsa a Indabo.

Bayan an share makoki saƙo ya shigo wayata daga kamfanin: an buɗe sunan Oga, ga kalmar wucin gadi, suna ba da haƙurin jinkiri. Na rasa wanda zan nuna wa. Daga ƙarshe na ɗauki ƙaramar kwamfutata na hau mota zuwa gidansa. Matarsa tana takaba, ta bayan labule muka gaisa, ƙanenta na zaune tare da ni a zaure. Na nemi izininta kafin na shiga.

Saƙon asibitin yana nan, da takardun, da ranar da suka ba shi, wadda ta wuce tun yana raye. Na karanta mata. Ta ce, "Allah bai nufa ba." Sai ta tambaya ko akwai hotonsa a ciki, don shi ba mai son ɗaukar hoto ba ne, yaran kuma ƙanana ne.

Guda ɗaya na samu, ɗan ƙaramin da ke manne da sunansa a uwar garke, wanda ni na ɗauke shi a jikin bangon ofis yana ce min in yi sauri. Firintarmu ba tawada a lokacin, sai a wani shago kusa da tasha aka wanke min. Na ba ƙanen ya kai mata. Da muka haɗu daga baya ya ce ta daɗe tana dubawa, ta kira babban ɗan ta ce ya zo ya ga babansa lokacin yana da jiki.